Ɗa Ba Zai Girmi Ubansa Ba

Mu a nan, idan injin mota ya buga, sai a nufi kasuwa a sayo na Beljiyam a ɗora, a yi wa mai ita barka. Ni kaina tsohuwar Fijo 504 da nake ja, injinta na uku ke nan, ba kuwa wanda ya taɓa yi mini gori. Lambar inji ba ta damun kowa sai ranar da ɗan sanda ya ce a kawo takardu. Shi ya sa na sha mamaki da na shiga karance-karance a kan masu tara tsofaffin motoci a ƙasar Amurka, na tarar su a wurinsu motar da aka sake wa inji, komai lafiyarsa, darajarta ta faɗi. Abin da suke biya shi ne a ce injin da ke cikinta da shi ta fito daga masana'anta.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A shekarar 1967 kamfanin Chevrolet ya ƙera Corvette mai inji samfurin L88 guda 20 kacal, kuma a watan Janairun 2014 an sayar da ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 3.85. Inda kuɗi ya kai haka kuwa, dole 'yan damfara su yi sansani. To, yaya mai saye zai gane gaskiya?

Bari mu ɗauki Camaro Z/28 ta 1969, wadda aka ƙera guda 20,302. Mota irin wannan tana ɗauke da ranaku uku a jikinta. Ta farko ranar zubi ce. Gangar injin, wadda makanikai ke kira bulok, zuba ta ake yi da narkakken ƙarfe, kamar yadda maƙeran zubi ke yin tukunya, kuma kwanan watan yana fitowa tare da ita ta baya. Harafi shi ne wata, A Janairu, B Fabrairu, har zuwa L Disamba, sai rana, sai lambar ƙarshe ta shekara. Alal misali, C 20 9 na nufin 20 ga Maris, 1969.

Ta biyu ranar da aka harhaɗa injin ce. Ita bugawa ake yi da tambarin ƙarfe a kan wani ɗan fili mai sulɓi a gaban bulok. A ce an ga V0402DZ. V na nufin masana'antar Flint ta jihar Mishigan (da T ce, da Tonawanda ke nan), 0402 shi ne 2 ga Afrilu, DZ kuma shaidar injin Z/28 ne na wannan shekara. Ana kuma buga wutsiyar lambar shasi a jikin bulok ɗin. Ta uku tana kan wani ɗan allon ƙarfe da aka kafe a jikin bodi, ƙarƙashin bonet. Idan ya ce 04C, to a mako na uku na Afrilu aka haɗa bodin.

Nan hikimar take. Dole zubi ya riga haɗin inji, haɗin inji ya riga fitowar mota, kuma tazarar galibi kwanaki ce ko 'yan makonni. Ƙungiyar masu gyaran tsofaffin Corvette ta Amurka, wadda aka kafa a 1974, takan yi sassauci har wata shida kafin ranar motar, amma abin da ya zo bayanta ba shi da hanzari. Maha'inci yana iya samo wani bulok, ya goge filin nan, ya buga lambobin da yake so. Sai dai ranar zubi tana baya, a jikin ƙarfen kansa, taɓa ta da wuya. Idan motar Afrilu ta zo da bulok na watan Yuni, magana ta ƙare, ɗa ya girmi ubansa. Ƙwararru ma har tabarau mai ƙara girma suke sawa, su duba siraran zane-zanen da na'urar masana'anta ta bari a filin, domin gugar baya ba ta fitar da irinsu.

Abin da ya ƙara jawo hankalina shi ne malamanmu na Hadisi sun daɗe da wannan dabara. A shekara ta 447 bayan Hijira an kawo wata takarda a Bagadaza, aka ce Annabi (SAW) ne ya sa aka rubuta ta yana ɗauke wa mutanen Haibara jiziya. Da aka nuna wa Alhaɗibul Bagadadi sai ya dubi sunayen shaidu, ya ce ƙagagga ce. Akwai Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ya rasu a shekara ta 5, alhali an ci Haibara a ta 7. Akwai kuma Mu'awiya, wanda musuluntarsa sai shekarar buɗe Makka, wato ta 8. Bai yi gardama a kan tawada ko hatimi ba, ranaku kawai ya jera.

To, 'yan'uwa marubuta, mu ma ƙera abu muke yi mu kai kasuwa, kuma cikin masu karatu akwai masu leƙa bayan bulok. Na sha karanta labarin da aka ce ya faru lokacin yaƙin basasa, amma jarumin yana ƙirga naira, alhali ita sai ranar 1 ga Janairu, 1973 ta fito. Wani ya ɗora amarya a Fijo haɗin Kaduna tun kafin 1975, wani ya tura ma'aikaci Jihar Katsina tun kafin 1987. Mai karatu da ya kama ka da irin wannan sau ɗaya, ko hawayen da ka sa jarumarka ta zubar ba zai ƙara yarda da su ba.

Saboda haka kafin ka miƙa wa maɗaba'a littafinka, samu takarda ka jera shekarun labarin, ka auna kowane kuɗi da mota da jiha da ka ambata da shekarar da ka ajiye shi. Aikin yini ɗaya ne. Allah Ya sa mu dace.