Shekaruna a Tsakiyar Gonakin Inabin Stellenbosch

Ban taɓa kai giya bakina ba, amma a kan lissafinta na yi digirina na biyu. Karatun tattalin arzikin noma ne ya kai ni Stellenbosch ta Afirka ta Kudu a 2011, garin da duk inda ka juya gonakin inabi ne har gindin duwatsu. Da farko na yi ta kai-kawo da zuciyata. Daga baya na tsaya a kan cewa manomi da ɗan ƙwadago ne suka kawo ni, kuma ba zan san halin da suke ciki ba sai na bi sawun kuɗin.

A aji na fara jin cewa akwai masu sayen giyar inabi ba don su sha ba. Mutum zai sayi akwati mai kwalba 12, a ajiye masa a rumbu mai sanyi a Ingila, wataƙila har ya sayar bai taɓa ganinsa da ido ba. Dalilin a fili yake. Abin da gona ta yi a shekara ba ya ƙaruwa, irin wannan giya kuma tana daɗa kyau idan ta daɗe, duk kwalbar da wani ya buɗe kuwa ta ƙara wa saura tsada. Akwai kasuwa a Landan, Liv-ex, inda ake bin farashinta kamar na hannun jari. Tun da Hong Kong ta soke harajin giyar inabi a 2008, attajiran Sin suka yi ca a kan ta Bordeaux ta Faransa, musamman Lafite, farashi ya yi ta hawa har tsakiyar 2011, sannan ya rikito. Malaminmu ya haska mana jadawalin a bango, ya ce mu nemo masa ta Afirka ta Kudu a ciki. Babu ko ɗaya.

Ba don ƙasar baƙuwa ce a sana'ar ba, tun 1659 ake matse inabi a yankin Cape. Amma daga 1918 ƙungiyar KWV ta riƙe ragamar farashi, manomi ya saba a biya shi bisa nauyin kaya, ba bisa kyansa ba. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ya rufe sauran ƙofofin. Da aka buɗe su bayan 1994, sai giyar ta shiga manyan kantunan Turai ta layin masu arha, wanda aka sani da arha kuwa da wuya a yarda ya yi tsada. A shekarun da nake can, fiye da rabin abin da ake fitarwa a manyan tankuna yake tafiya, a ɗura shi a kwalba a Turai, sau da yawa da tambarin wani kanti. Nakan tuna jan fatar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna saya da sunan Maroko: kaya namu, suna na wani.

Masu neman sauya wannan ba su da yawa a lokacin. Eben Sadie ya fara yin giyar Columella a yankin Swartland a 2000, wata mata kuma, Rosa Kruger, tana bin gonaki tana rubuta inda tsofaffin itatuwan inabi suke kafin a tumɓuke su. An kai mu wata irin wannan gona. Itatuwan gajeru ne, ba su wuce gwiwa sosai ba, kututtukansu a murɗe, ɓawon yana saɓulewa, ba a yi musu ban ruwa. 'Ya'yan da kowanne ya ɗauka ba su cika tafi biyu ba. Mai gonar ya ce idan da sikeli za a bi, asara yake yi, saura kaɗan ya cire su.

Aikina na ainihi shi ne zagayawa da takardar tambayoyi a lokacin girbi, wajen watan Fabrairu, lokacin da zafi yake kai wa maƙura. Tun asuba ake fara yanka, kowa da ɗan almakashinsa da akwatin roba. Wata dattijuwa da na zauna da ita a inuwar tirela, yatsunta sun yi baƙi da ruwan inabi, sun tsattsage. Ita ta ba ni labarin yadda mahaifinta yake miƙa gwangwani safe da yamma a zuba masa giya a matsayin wani ɓangare na ladansa. Doka ta hana wannan tun farkon shekarun 1960, amma an ci gaba da yi a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma har yau yankin Cape yana cikin wuraren da aka fi haifar yaran da giya ta lahanta tun suna ciki. Na tambaye ta ko ta san nawa ake sayar da kwalba a ƙasar waje. Ta ce, "Ɗana, ni akwati nake ƙirgawa." A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonaki suka tare babbar hanya a De Doorns, inda aka fi noman inabin ci, yajin ya bazu zuwa wasu garuruwa. Rand 69 ake biyansu a yini, suka nemi 150, aka tsaya a 105.

Wani abokina Musulmin Cape da muke haɗuwa a masallaci ya kai ni Constantia. A gefen gonar Klein Constantia akwai ƙubbar Shehu Abdurahman Matebe Shah, wanda 'yan Holan suka koro daga yankin Sumatra a shekarun 1660. Muka yi addu'a, layukan inabi suna kewaye da mu. Abokin ya ce kakanninsa bayi ne da aka kawo daga gabas, kuma da yawa daga irinsu a gonakin kwarin nan suka ƙare rayuwarsu.

Bayan na dawo gida sunan giyar Afirka ta Kudu ya fara tashi. A 2018 Tim Atkin, ɗan Ingila mai ɗanɗano, ya ba giyar Paul Sauer ta 2015 ta gonar Kanonkop maki 100. A 2019 kamfanin gwanjo na Strauss & Co ya fara gwanjon giya mai daraja, giyar Vin de Constance kuma ta shiga hannun dillalan Bordeaux. A 2021 aka sayar da kwalba ɗaya ta Grand Constance ta 1821 a kan rand 420,000. Da na ga labarin, shekarar na tsaya a kai. Sai a 1834 aka soke bauta a Cape, wato bayi ne suka yanki inabin da ke cikin kwalbar nan.

Ribar gwanjo tsakanin mai ajiya da mai saye take tsayawa, ba ta komawa gona, balle ta kai ga mai almakashi. Shi ya sa a duk wannan tashe abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne hatimin da ake liƙa wa giyar itatuwan da suka kai shekara 35, wanda ya samo asali daga aikin Rosa Kruger. Shi kam yana ƙara wa manomi kuɗin kowane tan. Duk da haka gonakin inabin giya sun ragu daga sama da hekta 100,000 lokacin da nake can zuwa ƙasa da 90,000, manoma da dama sun koma lemo da wasu 'ya'yan itatuwa, saboda kuɗin da ake sayen inabi ba ya mayar musu da abin da suka kashe.