Abin Da Muka Rubuta Da Jan Biro

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe da alli yana da wata takarda da ya taɓa sa wa hannu, wadda yake fatan da ma bai sa ba. Tamu ita ce takardar sakamakon jarrabawar wata yarinya 'yar aji huɗu, a makarantar kwana ta 'yan mata inda muke koyar da Hausa. A gurbin ra'ayin malamin aji mun rubuta da jan biro cewa, "Ta zama malalaciya, ba ta da niyyar karatu."

Yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, don a aji uku ba ta taɓa wuce ta biyar ba. Amma tun da aka dawo hutu sai ta soma sakewa. Barci a aji, barci a firef. In an yi mata tambaya sai ta zuba wa mutum ido, kamar mai jiran amsa ta taso daga ƙasan rijiya. A watan Afrilu, lokacin da kowa ke neman inuwa, ita tana cikin rigar sanyi. Fuskarta ta kumbura, muryarta ta dushe, kuma sai a tarar da ita tana kuka ba wanda ya taɓa ta. Mun sa ta durƙuso, mun sa ta yankan ciyawa, duk a banza.

A ɗakin malamai kuwa kowa ya zama likita. Wani ya ce soyayya ce, wata ta rage murya ta ce a dai bincika ko ciki ne, mafi yawa suka tsaya a kan iska, tunda akwai tsohuwar tsamiya a bayan ɗakin kwanansu. Da mahaifinta ya zo ɗaukarta ya tambaye mu, "Malam, kai da kake tare da ita, me ka gani?" Muka ce, "Alhaji, sai dai addu'a." Ba mu raina addu'a ba, har gobe, amma a ranar mun faɗi haka ne don ba mu da abin faɗa. Bawan Allah ya sayar da tumaki biyu, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, zango guda ya wuce.

Wata gwaggonta ce, ma'aikaciyar jinya, ta zo suna gidan, ta lura cewa in yarinyar ta haɗiyi ruwa akwai wani ɗan kumburi a gaban wuyanta da ke hawa yana sauka. Maƙoƙo ke nan yana tasowa, hijabi ya rufe shi. Aka kai ta asibiti aka auna jini.

Abin da muka koya daga baya shi ne, a gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiranta tayirod. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki, har da na ƙwaƙwalwa. In ya yi ƙaranci sai komai ya lafa: kasala, jin sanyi, mantuwa, baƙin ciki maras dalili. In abin ya tsananta har mutum kan ruɗe ya riƙa sambatu, kamar yadda wani likitan Ingila, Richard Asher, ya bayyana a shekarar 1949. In kuma ya yi yawa sai akasin haka: faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa, rashin barci, rama, saurin fushi. Mai karatu ya duba, wanne ne a cikin alamun nan ba mu saba jingina wa iska ko sammu ba?

Tsokar nan ba ta aiki sai da sinadarin ayodin, kuma abin da babban mutum ke bukata a rana bai wuce maikirogiram 150 ba, abin da ido ma ba ya gani. Mu da muke nesa da teku abincinmu bai cika wadata da shi ba, shi ya sa a shekarar 1993 aka wajabta zuba shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Sai dai gishirin da aka baje a faranti, rana da danshi suna dukansa, yakan yi asarar wani kaso nasa. Rogon da bai jiƙu sosai ba shi ma yana hana jiki amfani da ayodin. Kuma ba kowane maƙoƙo ba ne na rashin ayodin. Wani garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa tsokar.

Gwajin ya kuma nuna jininta ya yi ƙasa, saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe. Wannan bai ba mu mamaki ba, mu da muka san kwanon makarantar kwana: tuwo da miya tsararo, nama sai an yi sa'a, ga 'yan mata da ke zubar da jini kowane wata. Ƙarancin jini kaɗai ya isa ya sa yaro gajiya da kasa tattara hankali.

Ba muna cewa duk taɓin hankali daga tukunya yake ba. Akwai ciwon damuwa da sauran cututtukan ƙwaƙwalwa da ke kama mai cin hanta da ƙwai kullum. Amma mu masu rubutu, sau nawa muka haukatar da amarya a labari muka ɗora wa kishiya, ba mu taɓa barin kowa ya dubi wuyanta ba?

An ɗora yarinyar a kan wata 'yar ƙwaya da take sha kowace safiya kafin karin kumallo, da maganin ƙarin jini. Bayan wata uku ta dawo, ta maimaita aji huɗu, ta ajiye rigar sanyin. Ranar da ta fara ɗaga hannu a aji mun kasa haɗa ido da ita. Mun nemi a ba mu tsohuwar takardar mu gyara, aka ce an riga an shigar da ita fayil, kuma kwafi ɗaya yana wurin mahaifinta.