Lada Biyu na Malami

Kalmar “lada” tana da rassa biyu a bakin Bahaushe. Akwai ladan da ake miƙa wa ɗan dako in ya sauke kaya, akwai kuma wanda ake fatan tararwa gobe kiyama. Na daɗe ina lura da yadda waƙoƙin yabon malamai, irin waɗanda ɗalibai ke rerawa ranar 5 ga Oktoba ko a bikin rufe lakwal, suke fakewa cikin wannan harshen damo. Mawaƙi ya ce ladan malami yana wurin Allah, jama'a su tafa, malamin kwantaragi kuwa ya koma ƙauyen da aka tura shi yana ƙirga kwanakin da kuɗin watan jiya suka yi a hanya. Baitin gaskiya ya faɗa, amma an kama reshe guda don a saki ɗayan.

Wani abin da ya fi damuna shi ne malamin waɗannan waƙoƙi ba shi da suna. Fitila ne, uba ne, ginshiƙi ne. Kowa ne, saboda haka ba kowa ba ne.

Magabata ba haka suka yi ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi sukutum, Ida'un Nusuki, don ya lissafa waɗanda ya yi karatu a gabansu da abin da ya karanta wurin kowannensu, kuma a cikin Tazyinul Waraƙati akwai ƙasidar da ya yabi malamansa da sunayensu. Yayansa Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, daga baya ya yabe shi da waƙa, duk da cewa sun saɓa a kan hukuncin mai aikata babban zunubi. Wannan saɓanin ne ya fi burge ni: almajiri ya ƙi ra'ayin malaminsa a fili, bai kuwa janye yabonsa ba. Yau shekara fiye da 200 ke nan, sunan Jibrilu yana nan cikin silsila, kuma alƙalamin almajiransa ne ya fi tsare shi.

Makarantar allo ma ba ta taɓa cakuɗa ladan biyu ba. Ana neman albarkar malam, ana kuma kai kuɗin Laraba, kuma ba uban da zai ce albarka ta ɗauke masa biyan.

Kwanan baya, bayan darasin ilimin ma'ana, na tambayi abokan karatuna sunan wanda ya fara koya musu baƙi da wasali a ajin farko. Mafi yawansu sun tuna bulalarsa da irin rigar da yake sawa. Da aka zo kan suna sai ɗayanmu ya yi shiru, can ya ce su dai “Mushe” suke ce masa.