Daga Wapa Zuwa Kumasi: Inda Guzuri Ke Zurarewa

Tsakanin Kano da Kumasi, ga wanda ya bi ta bakin teku, iyaka uku ce: Seme, Hillacondji da Aflao. Kuɗi ma iri uku ne: naira, sefa da sidi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin, Togo da Ghana ba biza, ya zauna har kwana 90, amma kuɗin aljihunsa ba su samu wannan gata ba. Kuɗin bai ɗaya da ake ta alkawari, Eco, an sha ɗage shi, yanzu an ce sai 2027. Shi ya sa da na ƙudura bin sawun fataken goro zuwa Gwanja, da niyyar in daɗe, shirin banki ya fi shirin jaka cin lokacina.

Wanda ya yi tafiya a 2022 ya san dalili. A shekarar ne bankunan Najeriya suka yi ta rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje, har wasu suka tsaya a dala 20 a wata, daga bisani suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowanne da tasa ƙa'idar. Abin da ya taɓa faruwa zai iya maimaituwa mutum yana tsakiyar hanya.

Na zaga bankunan da ke titin Murtala Muhammad. Kusan ko'ina magana ɗaya ce: "Yallaɓai, namu ya fi sauƙi, kuɗin kula da kati ba shi da yawa." Gaskiya ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ni abin da nake tambaya shi ne: idan na cire sefa a Kwatano, da wane farashi za ku lissafa mini? Nawa kuke ɗorawa a kan farashin Visa ko Mastercard? Cajin cirewa tsayayye ne ko kaso ne cikin ɗari? Nawa ne iyakar abin da zan cire a rana da kuma a wata? A wani banki ma'aikaciyar ta ce, "Ranka ya daɗe, bari in kira oga." Ogan ya fito da takardar cajinsu, ya zauna ya bi ni da ita layi-layi. A wurinsu na buɗe asusun dala, bayan na kawo fasfo, lambar BVN da mutum biyu da suka tsaya mini.

Bayanin da ya yi mini shi ne ginshiƙin lissafin duka. Katin naira idan ya shiga na'urar ATM a Kwatano, ana fara juya sefar zuwa dala, sannan banki ya juya dalar zuwa naira da farashin da ya ga dama a ranar. Kamar awon gero ne: duk juyi daga mudu zuwa mudu sai wani abu ya zube. Da asusun dala, juyi ɗaya ka riga ka yi shi da kanka, ido na ganin ido, a farashin da ka taya. Kuma ko naira ta faɗi kana hanya, kamar yadda ta yi a Yunin 2023 daga wajen 460 zuwa sama da 700 a kan dala, guzurinka na nan yadda yake. Idan ta tashi, asarar taka ce, amma dai ka san abin da ke hannunka.

A Wapa, cikin Fagge, ɗan canjin da na je wurinsa ya tambayi inda na nufa. Da ya ji Benin da Togo sai ya ce, "Malam, to haɗa da yuro. Sefa 'yar gidan yuro ce." Haka abin yake: an ɗaure ta a 655.957 kan kowane yuro, don haka mai yuro a ƙasashe takwas masu amfani da sefar Yammacin Afirka ya san abin da za a ba shi tun kafin ya buɗe baki. Dalar da na saya kuwa ya zaɓo mini sababbin ɗari-ɗari masu shuɗin zare, irin da aka fito da su a 2013, domin tsofaffi da ƙananan takardu ana karya musu daraja a hanya.

Kwatano ce ta fara gwada shirin. Na sauka a unguwar Zango, inda Hausa ke raba mutum da ɓata, na nemi na'ura kusa da kasuwar Dantokpa. Caji biyu ne ke jiran baƙo: na mai na'urar da na bankinsa na gida. Tunda nawa tsayayye ne, cire kaɗan-kaɗan asara ce, sai na riƙa cirewa da kauri in raba a aljihu da jaka. Wata na'urar kan tambaya ko kana son ta lissafa maka da dala nan take. Tayin yana kama da alheri, amma farashinta ya fi na kati tsada. Sefa ake zaɓa.

A Lome na wuce ta gaban hedikwatar Ecobank, bankin da aka kafa a 1985 wanda ke aiki a ƙasashen Afirka sama da 30. UBA ma na ƙasashe 20 na nahiyar. Ganin tambarin da ka sani a baƙon gari na kwantar da hankali, sai dai banki mai suna ɗaya a ƙasashe biyu kamfanoni biyu ne, kowanne ƙarƙashin babban bankin ƙasarsa. Asusunka na Kano bai zama asusun Lome ba. Akwai tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022 don a riƙa biya daga kuɗin wata ƙasa zuwa na wata ba tare da an ratsa ta dala ba; ya dace matafiyi ya tambaya ko bankinsa ya shiga.

Daga Lome zuwa Aflao taku kaɗan ne, gari ya manne da iyaka. Da na tsallaka Ghana sai lissafi ya sauya, domin a can waya ce banki. Mai shinkafa da wake a unguwar Nima ta Accra, direban tasi, mai masauki, kowa "MoMo" yake cewa, wato asusun kuɗi na waya. Na yi rajistar layi da fasfona, na riƙa canza dala a shagunan canji masu lasisi ina zubawa a ciki. Harajin tura kuɗi ta waya da aka sa a 2022 an soke shi a Afrilun 2025, abin da ya ƙara wa hanyar sauƙi. Layina na gida kuwa ban cire shi daga waya ba, domin ta nan banki ke turo lambar tabbatarwa. Ranar da layin ya mutu, kuɗin ma sun kulle.

A Zangon Kumasi wani dattijo da kakansa ya yi fataucin goro ya ji irin shirin da na yi, ya yi dariya. "Ɗana, mutanen da can ba sa ɗaukar dukiyarsu wuri ɗaya. Wani abu na kan jaki, wani na wurin maigida." Maigidan nan shi ne mai saukar fatake a Salaga ta ƙasar Gwanja da kuma Kumasi: ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya nemo mai saye, ya tsaya a kan bashi, ya ɗauki la'adarsa. Fatake ba sa neman maigidan da ya ce ba ya karɓar komai. Wanda ya faɗi la'adarsa tun kafin a sauke kaya suke nema, domin da shi ake iya lissafin komawa gida.

Da wannan ma'auni na auna bankina, kuma bai ba ni kunya ba: abin da ke takardar ogan nan shi na riƙa gani a saƙon waya, ba ƙari. Ragowar dalar na canza ta a Kumasi kafin in kama hanyar Tamale, domin daga can zuwa Salaga, tsabar sidi da MoMo ne ke magana.