Hanyar iska cikin akwatin ordinater

Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗaki mai ƙofa ɗaya a watan Afrilu ya san bantilater shi kaɗai ba ya korar zafi, iskar da ke ciki kawai yake juyawa. Sai an buɗe taga daura da ƙofa sa'an nan iska ke samun mashiga da mafita. Haka lamarin yake ga ordinater ɗin da ke bisa teburanmu na biro da na kanti.

Na yi shekaru ina aiki da waɗannan na'urori, kuma na lura yawancin masu kukan cewa tasu ta tsufa, zafi ne ke cin ta. Ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ake kira porosesar, idan zafinta ya kusa digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in abin ya ƙi kuma ta mutu baki ɗaya. A Maradi ko Tahoua, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, tazarar da ta rage mata kaɗan ce.

Wani ɗan kasuwa abokina ya taɓa kirana, wai na'urarsa tana mutuwa kullum da azahar, lissafin bashin da bai adana ba yana tafiya da ita. Na iske ya kulle ta cikin kabad don tsoron ƙura, bayanta manne da katako. Bantilater biyu ya ƙara mata, amma duka ciki suke hurawa, babu mai fitarwa. Muka fito da ita, muka juya na baya, ko dala bai kashe ba ta daina.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Na gaba da na ƙasa su jawo iska mai sanyi, na baya da na sama su fitar da mai zafi, domin iska mai zafi sama take nufa. Wanda bai san inda nasa ke hurawa ba ya duba gefensa, galibi akwai ƴar kibiya. In babu, iska na fita ta fuskar da ke da sandunan da ke riƙe da motar. Babba mai milimita 120 ko 140 ya fi mai 80, don yana tura iska da yawa ba tare da ƙara ba.

Mu da hazon hunturu ke rufewa kowace shekara, akwai wata dabara da ta fi damunmu. Idan iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, kuma ta raga take bi, to ƙura ba ta samun kutsawa ta ƴan kafofin akwatin. Idan mai fita ta fi yawa, kowace kafa sai ta zama bakin shaƙar ƙura, ita kuwa ta kwanta bisa ƙarafan sanyaya kamar bargo.

Saboda haka a ɗaga akwatin daga ƙasa, a bar aƙalla taƙi guda tsakaninsa da bango, a ɗaure wayoyin ciki kada su tare hanya. Da hunturu ya wuce a cire shi daga kuran a hure ƙurar, ana riƙe da fikafikan bantilater don kada su yi ta juyawa. Wanda ya yi haka kafin bazara ta kama, ya ceci takardunsa da kuɗinsa.