Horon Direbobi da Makarantar Tasha

Duk lokacin da aka yi mummunan haɗari a hanyar Kumasi zuwa arewa, sai mu ji an ce za a tara direbobi a ba su horo domin gyaran hali. Haka muka ji a Fabrairun 2016, sa'ad da wata babbar bas ta yi karo da motar tumatir kusa da Kintampo. Haka muka sake ji a Maris na 2019, da bas biyu suka yi taho-mu-gama a wannan yanki har wuta ta kama ɗaya. Kowanne ya ci rayuka fiye da 50. Mu mutanen Aboabo wannan hanya ba baƙuwarmu ba ce. Ita muke bi zuwa Tamale da Bolga da Bawku ganin gida, kuma da yawa daga masu riƙe da sitiyari a kanta 'ya'yan Zango ne.

Ba doka aka rasa ba. Tun 1999 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, a 2019 kuma aka ƙara mata iko. Dokar hanya ta 2012 ta hana direban haya ya yi tuƙi fiye da awa 4 a jere bai huta ba. Ana kuma kiran taro, jami'ai su zo su yi jawabi a kan gudu da barci da shaye-shaye, a ɗauki hoto a watse. Ba mu raina wannan ba. Amma mu malaman makaranta, abin da aka fara koya mana a kwalejin horon malamai shi ne yaro ba ya ɗaukar abin da ya ji sau ɗaya, yana ɗaukar abin da yake gani kullum.

To, ina direba yake ganin darasinsa na kullum? A tasha. Yawancin direbobinmu a matsayin yaron mota suka fara. Yaro ya bar aji ya bi trotro, ya yi shekaru yana wanke mota da asuba, yana kiran Kejetia har muryarsa ta dushe, yana karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Kafin maigidansa ya ba shi makulli ya gyara fakin, ya riga ya haddace yadda ake tsayawa a tsakiyar titi a ɗauki fasinja, da yadda ake zagin dattijuwa a kan canji, da yadda ake naɗe takardar sidi a cikin lasin. In kuwa Allah ya haɗa shi da maigida mai natsuwa, natsuwar zai gada, kuma mun san irinsu a tashar nan, mutanen da suka yi furfura a kan hanya ba su taɓa buge ko akuya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a ɗakin taro ba mu cika ganin yaran mota ba. Su ake bari su tsare motoci a waje.

Akwai kuma malami na biyu wanda ba ya halartar taron, wato mai mota. Shi ya yanka wa direba kuɗin da zai kawo kowane dare, ko an samu ko ba a samu ba. Sai an cika wannan, an sayi mai, kafin direba ya fara neman na cefane. Mutumin da ke ƙirga sawu a zuciyarsa ka ce masa ya rage gudu, zai ce to, gobe ya koma gidan jiya. Mu fasinjoji ma, don Allah, wa ke cewa direba ya taka don za mu makara?

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne 'yan Pragya. Wannan keke mai ƙafa uku ya samar wa samarin Aboabo da Asawase da Sawaba abin yi, mun gode Allah. Amma ya tsallake ko da makarantar yaron mota. Ɗalibin da muka sallama bara, bana sai mu gan shi ɗauke da mata da jarirai, bayan koyon kwana kaɗan a wani fili. Da hukumar birnin Kumasi ta hana su shiga tsakiyar gari a 2023, rigima aka yi ta yi a kan inda za su bi. Yadda za su tuƙa kuwa bai samu ko rabin wannan surutu ba.

Roƙonmu ga shugabannin GPRTU da majalisar Asokore Mampong shi ne a sauko da horon cikin tasha, a yi shi da Hausa da Asante, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, ko da minti 20 ne bayan sallar asuba kafin a fara lodi. A sa tsofaffin direbobi masu tsabtar tarihi su koyar, domin direba ya fi jin maganar wanda ya san Kintampo da tsakar dare. A kira yaran mota da masu motoci. Azuzuwanmu suna kulle ranar Asabar, allo da benci na nan, kuma akwai malamai a cikinmu da za su zauna da 'yan Pragya su koya musu karanta alamomin hanya.