Baƙin gilashi da fatar ƙanena

Ƙanena zabiya ne. Tun muna yara a Maraɗi, in rana ta take, mahaifiyarmu kan bar kowa ya fita, shi kaɗai take tsarewa a zaure. Yau ya girma, yana fataucin atamfa tsakanin Maraɗi, Tasawa da Damagaram, kuma motarsa ita ce gonarsa.

Ku dubi hannunsa na hagu, wanda ke kusa da taga in yana tuƙi. Ya fi na dama ja da kaushi, har da tabo kamar na ƙuna. Bara lokotoro ya yanke masa wani ƙurji a kunnen hagu da ya ƙi warkewa, ya ce masa ba wasa: irin wannan ne ke zama kansar fata. Fatar zabiya ba ta da sinadarin da ke kare tamu daga hasken rana mai ƙuna, wanda ido ba ya gani. Gilashin gaba, da yake ninki biyu ne da roba a tsakani, yana tare mafi yawan wannan haske. Na gefe kuwa yana barin kaso mai yawa ya shige.

Sai ya sa aka manna wa tagoginsa baƙar leda. Ina tare da shi ranar da aka tsayar da mu a wani shinge. Ya miƙa takardar lokotoro. Mai kakin ya karanta ta da natsuwa, ya ce: «Malam, wannan ta ce ba ka da lafiya, ba ta ce an ba ka izini ba.» Da reza muka ɓanɓare ledar, cikin ranar ƙarfe ɗaya, shi yana rufe da rawani.

Ban ga laifin mutumin ba. A zamanin da ake fama da ƴan bindiga, dole mai tsaro ya so ganin wanda ke cikin mota. Amma wasu ƙasashe sun raba gardamar a rubuce. A Najeriya, dokar 1991 da ta hana baƙin gilashi ta bar ƙofa saboda dalilin lafiya ko na tsaro. A Faransa, tun 1 ga Janairu 2017, tilas tagogin gaba su bar kashi 70 cikin 100 na haske ya ratsa, in ba haka ba tarar Yuro 135, sai dai an keɓe masu wasu cututtukan fata ƙalilan. Abin mamaki, zabiya ba ya cikin jerin. To, ranar Paris ba ta Damagaram ba ce.

Daga baya wani ɗan kasuwa ya kawo mana leda garau, mai tare hasken ƙuna ba tare da duhunta mota ba. Tsada gare ta, kuma ba ta rage wa idanunsa ƙyallin da ke sa su hawaye. Ita ya manna. Yana tuƙi da tabarau, da riga mai dogon hannu ko a watan Afrilu, takardar lokotoro tana nan ninke cikin aljihun mota.